A tanadi mai sulhu tun kafin kaya su bar Kasuwar Dole

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarka domin in yi magana da ƴan'uwana ƴan kasuwa na Damagaram, da abokan cinikinmu na Kano da Daura da Maigatari waɗanda na san suna karanta ta, a kan wani al'amari da yake cinye dukiya da zumunci a tsakaninmu ba tare da an cika tattauna shi a fili ba, wato rigingimun da suke tasowa a cinikin da ya ƙetare iyaka. Sana'ata ita ce riƙe lissafi da rubuta wasiƙu ga wasu ƴan kasuwa a Kasuwar Dole, saboda haka takardun rigima sukan biyo ta hannuna bayan magana ta riga ta lalace. Abin da na lura da shi shi ne, kaɗan ne daga cikin waɗannan rigingimu suke farawa da niyyar ha'inci. Mafi yawansu suna fitowa ne daga abin da aka bari ba a faɗa ba ranar da aka ƙulla ciniki, ko don kunya, ko don gaggawa, ko don kowane ɓangare yana zaton abin da ke ransa shi ne ke ran ɗan'uwansa.

Kakanninmu da suka yi fatauci mai nisa sun san wannan haɗari, kuma sun yi masa tanadi. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, lokacin da ayari yake tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Agadas ya sauka a Zongo kafin ya wuce Kano, baƙon falke ba ya shiga kasuwa shi kaɗai. Yana da mai masauki wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya tsaya masa idan shi ne ya karɓi bashin, sannan idan saɓani ya taso shi ne wanda za a fara kira. La'adar da mai masauki yake karɓa ladan wannan tsayawa ce. Attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa bai ɓace a garin nan ba har yau, sun riƙe hulɗa da fataken arewacin Sahara shekara da shekaru alhali babu wata kotu guda da take da iko a kan ɓangarorin biyu, kuma abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an san mai tsayawa da mai sulhu tun kafin a sauke kaya daga raƙumi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatauci ya juya kudu, amma tsarin mai masauki ya bi shi.

Yau ciniki ya fi na da sauri nesa ba kusa ba, sai dai mai tsayawa ya yi ƙaranci. Matashi a Zinder yakan ga hoton kaya a WhatsApp, ya yi ciniki da muryar wani mutum da ke Guangzhou ko Dubai wanda bai taɓa sa shi a ido ba, ya kai kuɗinsa wurin mai canji a tura, ya zauna jiran kwantena. Wani kuma yakan loda riɗi zuwa Dawanau a kan maganar baki cewa za a biya shi idan kaya sun shiga, ba tare da an ambaci rana ba. A kara ne kawai na ga tsohon tsari yana nan da ƙarfinsa, domin mai hankali ba ya sayen sa a Maigatari ranar Alhamis sai da dillalin da zai amsa idan aka zo cigiya. Mun ajiye mai masauki saboda muna ganin la'adarsa asara ce, ba mu kuwa sa komai a gurbinsa ba.

Wanda yake cewa in ta ɓaci sai a je kotu, ya kamata ya san inda ikon kotu ya tsaya. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993, kuma dokokinta na kasuwanci iri ɗaya ne daga nan har Kwatano da Lome da Abijan, inda babbar kotunta take. Wannan sauƙi ne ga mai hulɗa da Benin ko Togo ko Cadi. To amma Najeriya, wadda ita ce babbar kasuwarmu ta yau da kullum, ba ta cikin OHADA, haka nan Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Turkiyya da Indiya. Hukuncin da alƙali ya yanke a Zinder ba ya aiki da kansa a Kano. Sai an fassara shi daga Faransanci zuwa Ingilishi, an ɗauki lauya na biyu, an kai shi gaban wani alƙali a can an nemi ya amince da shi, kuma duk tsawon wannan lokaci jarin mutum yana kwance a hannun wani. Idan kuwa abokin rigimar yana Guangzhou, kuɗin neman haƙƙin kan iya zarce haƙƙin da ake nema.

Saɓanin da na fi gani yana farawa ne daga siffar kaya da ma'auni. Mai sayarwa ya ce riɗinsa mai kyau ne, mai saye ya amsa, alhali shi mai sayen zai miƙa shi ne ga kamfanin da ke fitar da shi ƙetare, wanda yake auna yawan ƙasa da tsakuwa a cikin kowane buhu, yake auna danshi, yake kuma bambanta fari da gauraye. A ƙauye an tara kayan da tiya, a Zinder an ƙidaya su da buhu, a Kano za a ɗora su a sikeli a biya da kilo, kuma ba a faɗi sikelin wa za a bi ba, ba a faɗi ko awon wurin lodi ne abin dogaro ko na wurin saukewa ba, ba a faɗi wanda zai ɗauki ragin da bushewa da zubewa suke jawowa a hanya ba. Idan aka sami ragin kilo biyu a kowane buhu cikin babbar mota guda, kuɗin da ya bi iska ya isa ya raba aminai. Maganin wannan ba ya buƙatar lauya. A ɗebi samfur daga kayan a raba uku a ɗaure, mai saye ya riƙe ɗaya, mai sayarwa ɗaya, na ukun a bar shi hannun shaidan da duka biyun suka yarda da shi. A rubuta nauyi da wurin awo, a kuma rubuta iyakar ragin da za a yafe wa juna. Malamanmu suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai biyan kuɗi kafin karɓar kaya da ya yi hakan a kan mudu sananne da nauyi sananne zuwa lokaci sananne, kuma ban ga abin da kwangilar zamani ta ƙara a kan waɗannan sharuɗɗa uku ba sai bayani.

Ga mai saro kaya daga Sin, samfur kaɗai bai wadatar ba. Kowane kamfani mai rajista a can yana da takardar izini mai ɗauke da lambar rajista ta alƙaluma 18, kuma sunan da doka ta sani shi ne wanda aka rubuta da rubutunsu, ba sunan Ingilishin da ake sakawa a talla ba. Ya kamata mutum ya nemi hoton wannan takarda, ya tabbatar sunan da ke kanta shi ne ke kan jan hatimin da aka buga wa yarjejeniya, shi ne kuma ke kan asusun bankin da zai tura wa kuɗi, domin wanda ya tura kuɗi asusun wani mutum daban zai sha wuya kafin ya tabbatar cewa kamfanin ne ya karɓa. Akwai kamfanonin bincike irin su SGS da Bureau Veritas da ake biya su duba kaya kafin a rufe kwantena, kuma kuɗinsu bai kai asarar buɗe kwantena a Zinder a tarar da abin da ba shi aka saya ba. Irin wannan bincike yana yiwuwa a kusa ma, tunda ɗan kasuwar Nijar yana da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, kamfanin Najeriya kuma yana da rajistar hukumar kamfanoni ta CAC, kuma babu cin fuska a tambayar su.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce ta fi raba abokan ciniki tsakanin Zinder da Kano a ƴan shekarun nan. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka. A watan Yuni na 2023 hukumomin Najeriya suka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, kuma dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 750 a kasuwar canji kafin lokacin ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Mu ƙaddara mutum ya ba da kaya bashi na naira miliyan 10 a farkon wannan lokaci aka biya shi a ƙarshensa. An biya shi cif, ba a rage masa ko kwabo ba, amma da ya je canji sai ya tarar abin da ya shigo hannunsa bai wuce rabin sefar da ya zuba ba. Wanda ya biya yana ganin ya cika alkawari, wanda aka biya yana ganin an cuce shi, kuma kowannensu yana da hujjar da za a saurara. Tunda malamai sun ce bashi da irinsa ake biyan sa ba tare da ƙari ba, ba a bayan faɗuwar kuɗi ake neman gyara ba. Tun wurin yanke farashi ake faɗin da wane kuɗi aka yi cinikin. Idan da sefa aka yanke amma da naira za a biya, a faɗi canjin wace rana za a bi da na wane wuri, na Wapa a Kano ne ko na bakin iyaka ko na banki, domin ba ɗaya suke ba. Idan kuma an ga kasuwar canji ba ta zaune, a taƙaita kwanakin bashin. Kada mu ɗauka wannan ciwon naira ne kaɗai, domin dattawanmu suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi.

Tambayar da ake yawan tsallakewa ita ce, daga wane wuri ne kaya suka tashi daga wuyan mai sayarwa suka koma wuyan mai saye. Ƙungiyar ƴan kasuwa ta duniya, ICC, da ke Paris ta tsara ƙa'idojin Incoterms domin wannan tambaya tun 1936, kuma bugun 2020 yana da ƙa'idoji 11. Da yawa daga cikinmu suna ganin haruffan waɗannan ƙa'idoji, irin su FOB ko CIF, a kan faktir, wato takardar farashin kaya, ba tare da sun tsaya sun tambayi abin da suka ɗora musu ba. Wanda ya sayi kaya a kan CIF Lome yakan zaci mai sayarwa ne ke da alhakinsu har su iso Lome, alhali abin da ke kan mai sayarwar shi ne biyan kuɗin jirgi da inshora kawai. Haɗarin kayan yana komawa kan mai saye tun sa'ar da aka ɗora su cikin jirgi a tashar da suka taso. Idan ruwa ya shiga kwantena a teku, kamfanin inshora za a nema, kuma inshorar da CIF ta wajabta ita ce mafi ƙanƙanta sai in an yi sharaɗin ƙari. Daga Lome kuwa har yanzu da sauran tafiyar fiye da kilomita 2,000 ta ƙasa kafin Zinder, wadda waɗannan haruffa uku ba su ce komai a kanta ba. Mai loda mota zuwa Kano ba ya buƙatar haruffan Turawa, amma yana buƙatar amsar tambayar da Hausa: kayan sun zama na mai saye tun wurin lodi ne, ko bayan sun ƙetare Ɗan Barto da Kwangwalam, ko sai an sauke su a sito a Dawanau, kuma wa zai biya duwan, wa zai biya ƴan dako, wa zai ɗauki asara idan mota ta faɗi?

Rufe iyaka shi ne abin da ya kamata a ce mun koyi darasinsa fiye da kowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020, kuma Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa takunkumi, aka ɗage shi a Fabrairu na 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe, kwantenoni suka taru a Kwatano kuɗin jinkiri yana hawa kansu kullum, sauran kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. A watan Oktoba na 2024 gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba Mali da Burkina Faso ba, a watan Mayu na 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla. Ba hukunci nake yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba, domin kowace hukuma tana da dalilanta. Abin da ya shafi ɗan kasuwa shi ne, kowane ɗayansu ya tarar da mutane sun karɓi kafin alƙalami, wasu sun loda, wasu suna hanya. Dokar OHADA tana ɗauke wa mutum alhaki idan abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cika alkawari, amma da sharaɗin ya kasance abin da mai hankali ba zai iya hangowa ba, kuma bayan abin da muka gani daga 2019 zuwa yau, ban san yadda ɗan kasuwar Zinder zai tsaya gaban alƙali ya ce bai taɓa tunanin za a iya rufe iyaka ba. Fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure ma ya yi wa irin wannan tanadi a babin ja'iha, inda ake rage wa mai sayen ƴaƴan itace kuɗi idan annoba ta cinye sulusin abin da ya saya ko fiye. Saboda haka a rubuta tun farko cewa wanda hanya ta tsare zai sanar da ɗan'uwansa cikin kwana kaza, za a jira har kwana kaza, bayan haka kowa yana da damar warware cinikin a mayar da kafin alƙalami, a kuma faɗi yadda za a raba kuɗin ajiya. Kwanakin jiran atamfa ba za su zama ɗaya da na rake ko na raguna masu cin abinci kullum ba.

Game da biya ba zan tsawaita ba. Kada mutum ya biya duka kafin ya ga alamar kaya, kada kuma ya saki kaya duka kafin ya ga alamar kuɗi. Abin da aka saba yi da masana'antun Sin shi ne a ba da wani kaso, galibi kashi 30 cikin 100, a cika sauran bayan an ga takardar lodin jirgi. Mai babban ciniki yana iya sa banki ya tsaya masa da takardar lamuni, amma ya sani banki takardu yake dubawa, ba ya buɗe kwantena.

Duk wanda ya yi wannan tanadi zai rage rigima, amma ba zai kawar da ita gaba ɗaya ba, kuma a nan ne halinmu na kawaici yake cutar da mu. Mutum ya buɗe kaya ya ga aibi, sai ya yi shiru don kada a ce ya cika ƙorafi, ya sayar da abin da ya sayu, ya bari sai ranar biya ya zaftare wani abu daga kuɗin ba tare da ya yi bayani ba. Wancan kuma ya ga an rage masa, shi ma ya yi shiru, ya rama a lodi na gaba. Kafin a zauna a yi maganar an yi lodi huɗu ko biyar, lissafi ya cakuɗe, kayan da za a duba sun ƙare, abin da ya rage sai zargi. Doka ba ta goyon bayan wannan shiru. A dokar OHADA ta cinikin ƴan kasuwa, wadda aka sabunta a Lome a 2010, aibin da yake bayyane ranar karɓar kaya dole ne a sanar da mai sayarwa cikin wata ɗaya, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Ɓoyayyen aibi yana da shekara ɗaya daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi, sauran ƙarar ciniki kuma shekara biyu. Dokar ta yarda da cinikin baki, ta kuma yarda a tabbatar da shi ta kowace hanya, don haka saƙon murya da hoto suna da amfani, kada a goge su. Abin da nake ba waɗanda nake yi wa aiki shawara shi ne a buɗe kaya gaban shaida, a ɗauki hoto, a sanar a ranar, kada a taɓa kayan da ake saɓani a kansu sai ɗaya ɓangaren ko wakilinsa ya gani, kuma a tsaya a kan maganar kaya da kilo da kuɗi, a bar maganar halin mutum. Wanda ya fara da kiran abokin cinikinsa ɓarawo a Facebook ko a zauren WhatsApp na ƴan kasuwa ya toshe hanyar sulhu da hannunsa, domin daga ranar wancan mutuncinsa yake karewa, maganar buhu goma ta zama ƙarama a wurinsa.

Idan masu cinikin biyu sun zauna ba su daidaita ba, sai a kira mai shiga tsakani, kuma wannan shi ne gurbin mai masaukin da na ambata. Sharaɗin kawai shi ne a ambaci sunansa ko muƙaminsa tun ranar ƙulla ciniki, domin bayan rai ya ɓaci duk wanda ɗaya ya kawo, ɗayan zai ce nasa ne. Yana iya zama shugaban ƙungiyar ƴan kasuwa, ko dattijo ɗaya daga Zinder ɗaya daga Kano su zaɓi na uku. Mutane da yawa ba su san cewa doka ta ba irin wannan zama ƙarfi ba. A ranar 23 ga Nuwamba 2017 OHADA ta zartar da dokar shiga tsakani a Konakiri, wadda ta tanadi cewa abin da aka faɗa wurin sulhu sirri ne, cewa fara sulhu yana dakatar da ƙidayar wa'adin kai ƙara, kuma cewa yarjejeniyar da aka cimma, idan aka rubuta aka sa hannu, ana iya ajiye ta wurin noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu, ko a kai wa alƙali ya tabbatar da ita ta zama abin zartarwa kamar hukunci. Najeriya ma ta yi sabuwar dokarta a kan wannan fanni a 2023, kuma a Kano akwai gidan sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha. Ko manyan ƙasashe wannan hanya suke bi idan dukiya ta tsaya: a watan Mayu na 2024, da Benin ta hana loda ɗanyen man Agadem a Seme, wakilan Sin ne suka shiga tsakani har aka loda jirgin farko.

Mataki na ƙarshe, ga ciniki mai nauyi, shi ne alƙalancin da ɓangarorin biyu suke zaɓar masu yanke musu hukunci da kansu, wanda ma'aikatan shari'a a nan suke kira arbitiraj. Fifikonsa a kan kotu shi ne hukuncinsa ya fi sauƙin ƙetare iyaka, saboda yarjejeniyar New York ta 1958 wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, cikinsu har da Nijar tun 1964, Najeriya tun 1970, Sin tun 1987 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2006. Sai dai dole ne sharaɗin ya kasance a rubuce, a ambaci sunan cibiyar daidai, da garin da za a zauna, da harshen da za a yi magana da shi, da dokar ƙasar da za a bi. Muna da cibiyar sulhu da arbitiraj ta CMAN a Yamai ƙarƙashin Majalisar Ƴan Kasuwa da Masana'antu ta Nijar, akwai kuma ta babbar kotun OHADA a Abijan. Mai sa hannu a takardar da aka aiko masa daga ƙetare ya karanta layukan ƙarshe da kyau, domin a nan ake rubuta cewa duk rigima sai a garin mai sayarwa da harshensa. Ba na kuma ba mai mota ɗaya ta riɗi shawarar wannan hanya, domin kuɗin masu hukunci da na lauyoyi za su cinye ribar da jarin. Shi sulhu ne nasa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin an sha faɗa mini: wanda kuka shekara ashirin kuna ciniki, kun ci abinci a gidan juna, an yi auratayya, ta yaya za ka miƙa masa takarda ka ce ya sa hannu? Ina girmama wannan magana, kuma na yarda amana ce take tafiyar da kasuwancin iyakar nan, ba takarda ba. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi su kafa shaidu, ba a kuwa keɓe aminai daga cikinta ba. Sannan aminan nan biyu ba su da tabbacin su ne za su rufe lissafin. Idan ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, magadansa da ba su halarci cinikin ba su ne za su zauna da ɗayan, kuma rigingimun da suka fi muni da na gani duk irin wannan ne, inda mai gaskiya ya rasa abin da zai nuna, marayu kuma suka rasa wanda za su gaskata. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Nauyin yana raguwa idan rubutun ya zama al'adar kasuwa gaba ɗaya, yadda ba wanda zai ji shi kaɗai aka nufa da shi.

Saboda haka nake kira ga reshen Majalisar Ƴan Kasuwa na Zinder da shugabannin ƙungiyoyin Kasuwar Dole da su tsara takardar ciniki mai shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami tare da Faransanci da Ingilishi, mai gurabun da za a cike na siffar kaya da awo, da irin kuɗi da canji, da wurin miƙa kaya, da abin da za a yi idan hanya ta rufe, da sunan mai sulhu. Su kuma zauna da takwarorinsu na Dawanau da Kantin Kwari da Maigatari a fitar da sunayen dattawan da ɓangarorin biyu suka amince da su, a sanar da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda take aiki tun 1971, domin hukumomin iyaka su san da zamansu. Tunda Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga nan, ya dace cibiyar CMAN ta riƙa aiko da masu sulhu suna zama a Zinder lokaci lokaci, ta kuma horar da wasu daga cikin dattawan kasuwa a kan yadda ake rubuta yarjejeniyar sulhun da alƙali zai karɓa. Kai kuma, Malam Edita, idan aka tsara wannan takarda, ina roƙon jaridarka ta buga ta cikakkiya yadda kowane ɗan kasuwa zai iya ɗaukar hotonta da wayarsa ya yi aiki da ita.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani akawun ƴan kasuwa,
Kasuwar Dole, Zinder